Hancin Aro

Hancina ya tafi ne a wankan jego. Na haifi ɗan farina a gidanmu na unguwar Hammadu Kafi, ana tsakiyar wankan sai mura mai zazzaɓi ta kwantar da ni, da ta tashi tafiya kuwa ta haɗa da jin ƙanshina ta yi gaba. Ban ma lura da wuri ba, sai ran da aka kawo mini gasasshen nama ya sha yaji, na kai baki na ji gishiri da zafi kawai. Na ce wa mahaifiyata an manta da kayan ƙanshi. Ta dube ni ta ce duk gidan babu inda ƙanshin kanumfari bai kai ba. Aka yi mini sirace, aka shaƙa mini garin abubuwan da ban san sunansu ba, na yi ta atishawa har da hawaye. A asibiti likita ya leƙa da 'yar fitilarsa ya ce na wani yakan dawo, na wani ba ya dawowa, in yi haƙuri. Nawa dai bai dawo ba, ga shi har na yi furfura.

Bayan arba'in na koma ɗakina. Ba mu daɗe da tarewa a unguwar Lokos ba, gidajen gwamnati sababbi fil, ko bishiyar da za a fake a ƙarƙashinta babu. Zamanin kuɗin mai ne, kowane ma'aikaci yana rige-rigen sayen abin da ubansa bai taɓa gani ba. Maigidana, Malam, yana koyar da kimiyya a makarantar sakandare, shi ma bai yarda an bar shi a baya ba, ya sayo murhun gas mai kai biyu da tukunyarsa. Na so murhun nan ba kaɗan ba. Wadda ta tashi tana hura jiƙaƙƙen ice da damina, ido na ruwa, ita ta san daɗin wutar da za ka murɗa ta kama shuɗiya, gindin tukunya fes.

Wata rana da azahar na ɗora ruwa, yaron ya yi kuka na tafi wurinsa. Ruwan ya tafaso ya kashe wutar, gas ya yi ta fita ban sani ba. Na dawo da goyo a bayana, na ga wuta ta mutu, na ɗauki ashana. Daidai nan Malam ya dawo daga makaranta. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, tun daga ƙofa yake kiran kada in ƙyasta. Ya faɗo kicin ya damƙe hannuna har sai da kwalin ashanar ya lotse.

"Ba ki ji ba?"

"Me zan ji?"

Ya rufe tukunyar gas ɗin, ya buɗe tagogi, ya fitar da mu tsakar gida, ya zauna a bakin famfo. Sai a fuskarsa na ga abin da ya kusa faruwa.

Malam mutumin kirki ne, amma cikinsa ba ya riƙe magana a gaban uwarsa. Kafin Juma'a labari ya isa unguwar Jekadafari wurin surukata, wadda kowa ke kira Dada. Doguwa ce siririya, Bafulatanar Gombe ta asali, mai ƙarancin magana, in ta faɗi abu kuma ba ta maimaitawa. Ta zo ta zauna a tabarma, ta ƙi kujerar falo, ta saurari ɗanta yana bayani. Shi kuwa, don a ga ya san aikinsa, har da ƙara mata cewa gas ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake kwanciya. Na ji kamar in toshe masa baki. Dada ta dubi ƙasan ɗakin, ta dubi yaron, ta ce to da ya fara rarrafe za ta zo ta ɗauke shi. Dama ɗan fari na kaka ne in an yaye shi, ita dai za ta matso da lokacin ne kawai, a ƙarasa shi da kunu da madarar shanu. A gidanta akwai hanci ya fi goma.

Malam ya ce zai sayar da murhun mu koma risho. Ta ce ba murhun ba ne, hancin ne. Risho ma yana yoyo, zani yana kama wutar fitila, abinci yana lalacewa a ba yaro. Wadda ba ta jin ƙauri ba a bar mata jinjiri a gidan da babu kowa.

Ni ina zaune a gefe, kaina a ƙasa, ban ce uffan ba. Me zan ce? Ɗan fari ne. Ko sunansa ba na faɗa, a gaban manya ina riƙe shi ne kamar an ba ni ajiya, in ya yi kuka sai an ce in ɗauke shi. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban ga laifin tarbiyyar ba sai ranar. In na buɗe baki na ce a bar mini ɗana, gobe duk Jekadafari za a ji cewa matar Malam ba ta da kunya. Amma ina son yaron nan son da ban san inda zan ajiye shi ba, kuma tunanin a saɓa shi a baya a fita da shi ya hana ni sukuni tun daga wannan rana.

Na zama wata iri. In na kashe murhu sai na koma na taɓa makunnin, in fito, in sake komawa. In mun kama hanyar unguwa sai na ce Malam ya juya babur in duba tukunya. Ina salla ina tunanin ko wani abu yana ƙonewa a bayana. Miyar jiya ba na yarda da ita sai na kai wa maƙwabciyata, wata ma'aikaciyar jinya Batangaliya, ta shinshina ta ce lafiya. Ko yaron ya ɓata jikinsa sai na duba da ido, shi ya sa nake kwance shi ina ɗaurewa har ya gaji ya yi ta tsala kuka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kullum kuma ina kallon gwiwoyinsa, don ya fara zama, yana jingina da hannu yana lilo gaba da baya.

Malam yana da aboki mai aikin lantarki a masana'antar siminti da ake ginawa can wajen gari. Shi ya kawo masa wasu 'yan abubuwa kamar murfin kwalba, kowanne da raga a kai da ƙafafun waya, irin waɗanda suke sawa don gane yoyon gas. Abin nema ya samu. Malam ya baje su a kan teburin cin abincina, da dalma, da wayoyi, da wata tsohuwar mita mai allura. Ya yi mini bayani, na kuma gane: a cikin abin akwai wata 'yar ƙwaya da waya ke ɗumamawa, in gas ya taɓa ta sai wuta ta fi samun hanyar wucewa, allura ta tashi, in ta wuce wani wuri ƙararrawa ta kaɗa. Ya kafa abin ƙasa-ƙasa a bangon kicin, mitar kuma daidai idona a bakin ƙofa, ya haɗa da batirin mota saboda masu ɗauke wuta. Ya murɗa gas kaɗan, ƙararrawa ta ɗauka. Ya dube ni yana washe baki ya ce ga hanci ya yi mini.

Hancin nan ya kusa haukata ni. Na jefa daddawa a miya, ya kaɗa. Na soya albasa, ya kaɗa. Malam ya fesa turare zai tafi masallaci, ya kaɗa. Maƙwabta suka ƙona shara iska ta kwaso hayaƙin, ya kaɗa. Mai hanci in ya ji ƙararrawa sai ya ja numfashi ya ce albasa ce, ya ci gaba da aikinsa. Ni ba ni da wannan. Duk kaɗawa gaskiya ce a wurina, sai in suri yaro in yi waje ba takalmi, in tsaya a rana ina jiran wanda zai shiga ya shinshina mini gidana. 'Yan unguwa har sun saba, yara suna leƙowa ta katanga su ga matar Malam ta sake fitowa. Da can tsoro ɗaya nake da shi, yanzu an sa masa ƙararrawa.

Dada ta zo ganin abin da ɗanta ya ƙera. Tana sa ƙafa a ƙofar kicin, turaren da ke jikin mayafinta ya tada shi. Ta tsaya har ya gama, sannan ta ce abin da ke ihu don baƙuwa ta shafa turare ai mahaukaci ne, ba a ba mahaukaci gadin yaro. Ta ɗauki jikanta ta tsayar da shi a cinyarta tana gwada ƙarfin ƙafafunsa, tana ce masa angonta ya kusa tarewa a gidanta. Na shiga ɗaki na gyara gadon da na riga na gyara.

Ranar da yamma na sauke fushina a kan Malam yana cin tuwo. Na ce ya cire mini wannan abin, ba shi da maraba da zabon gidanmu, kowa ya shigo sai ya yi kuka, ɓarawo da mai gida duk ɗaya.

Ya ce, "To a gidan naku yaya kuke gane wanda ya shigo?"

Na ce ai ba zabo kaɗai ake saurare ba. Kakata da idonta ya mutu tana daga ɗaki take faɗin wanda ya yi sallama kafin ya buɗe baki. In zabo ya yi kuka, akuya ta amsa, agwagi suka yi shiru, Baba ne ya dawo da dusa. In zabo ya yi, agwagi suka ruɗe, akuya ba ta kula ba, yaran maƙwabta ne masu jifa. In duka suka ɗauka, baƙo ne. Babu mai hankali a cikinsu, amma in ka haɗa su sai magana ta fito.

Malam ya tsaya da loma a hannu. Ya ce in sake faɗa. Na ce ba zan sake ba, ya ci tuwonsa. Bai ci ba, ya wanke hannu ya koma teburin, ni na kwashe kwanon ina mita.

Ya ɗauki makonni yana fama, yaron kuwa ya fara ja da ciki. Ina ganin Malam yana ɓata lokaci da wayoyi sai raina ya ɓaci, in ya tashi ya huta kuma sai in tambaye shi ko ya gama. A ƙarshe ya jera hanci uku a bango, kowanne da mitarsa. Na farko ya bar shi yadda yake. Na biyu ya rage masa zafi, ya ce hakan zai sa ya fi kula da hayaƙi da ƙanshin girki. Na uku ya ƙara masa zafi, ya kuma sa na daka gawayi na tankaɗe, ya ƙulle a ƙyalle ya rufe masa baki da shi, wai gawayi yana shanye turare da ƙauri amma gas yakan ratsa ya wuce. Babu ɗaya a cikinsu da ya san gas shi kaɗai. Ya so ya sa musu lambobi, ni kuwa tun ranar farko na raɗa musu suna: Zabo, Akuya da Agwagwa.

Sai muka shiga koyo. In kawo abu kusa da bango, mu zuba wa allurai ido. Turaren wuta yakan sa Zabo ya yi tsalle, Akuya ta bi shi zuwa rabi, Agwagwa ko gezau. Daddawa da soyayyar albasa Zabo kaɗai suke tayarwa sosai, ya sauka da wuri. In tsumma ya kama wuta ko tuwo ya kama gindi, Akuya ce ke wuce Zabo. Kananzir yakan ɗaga biyun farko, Agwagwa ta ɗan gyaɗa kai, kuma su daɗe ba su sauko ba. Gas kuwa tafiyarsa daban ce: Zabo ya tashi, Akuya ta yi nawa, Agwagwa ta soma hawa a hankali ba ta komawa baya. Malam yana zana layuka a takarda irin ta 'yan makaranta, ni ina haddacewa kamar yadda ake haddace halin mutanen gida.

Ba komai ya tafi daidai ba. Maganin sauro na gwangwani ya ruɗa mu, don in an fesa shi allurai sukan yi tafiyar gas sak. Malam ya yi kwana biyu yana tsaki kafin ya gano cewa gas ne a cikin gwangwanin yake turo maganin, muka daina sayensa. Da damina ta sauka, laima ta ɗaga allurai duka ko babu komai, sai da muka sake koyo daga inda suke kwana yanzu. Gawayin ma yakan ƙoshi, sai an canja. Ya yi ƙoƙarin ya sa ƙararrawar ta riƙa kaɗawa don gas kaɗai, abin ya faskara, wayoyinsa ba su iya riƙe duk wannan lissafi ba. Aka bar ta a matsayin mai kira kawai. In ta kaɗa ba na gudu, sai in je in duba fuskar su ukun in ga abin da suke cewa. Ranar da na fara cewa "albasa ce" na koma kan tukunyata ba tare da na fita ba, na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Akwai abin da na yi wata rana da hantsi, ba kowa a gidan. Mata suna yawan cewa babu abin da ya kai kan jinjiri ƙanshi, maƙwabciyata in ta ɗauki yaron sai ta tura hanci a wuyansa ta lumshe ido. Ni na haife shi, ina jin ƙanshinsa 'yan kwanaki kaɗan aka ɗauke mini, har na manta yadda yake. Sai na durƙusa a bakin bango na kara kansa kusa da hancinan nan uku, ina kallon sama. Zabo da ke ihu don daddawa bai motsa ba. Akuya ba ta motsa ba, Agwagwa ma haka. Na daɗe a durƙushe, yaron yana wasa da ɗankunnena, sannan na tashi na goge idona na ɗora girki. Ban gaya wa Malam ba.

Yaron ya yi rarrafe ana gab da girbin gero. Ban faɗa wa kowa ba, na kuma roƙi Malam ya yi shiru, amma rarrafe ba ya ɓoyuwa, ƙanwar Malam ta zo ta gani. Bayan kwana kaɗan, da safe Malam yana makaranta, Dada ta yi sallama. Ta zo da sabon zanin goyo a ninke a ƙarƙashin hammata, na gan shi tun kafin in amsa. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa.

Dada tana da al'ada duk ran da ta zo. Ta ce gidajen Lokos warin siminti suke yi, ba warin mutane ba, don haka takan zo da turaren wutarta a ƙulle a bakin zani ta turara ko'ina. Ta sa na samo mata garwashi a maƙwabta, ta zuba a kasko, ta barbaɗa turare, ta fara da ɗakin kwana, ta fito falo, hayaƙi ya cika gidan. Yaron yana bin ta da rarrafe. Sai ƙararrawa ta kaɗa.

"Rabu da mahaukacin nan," in ji ta. "Turarena ne."

Ni ma haka na zata, amma ƙafata ta riga ta saba, na je na duba. Zabo yana sama, Akuya tana rabi, daidai yadda turare ke sa su. Sai dai Agwagwa, wadda ba ta taɓa kula turaren Dada ba, ta bar wurin kwananta. Na ce ko gawayin ne ya ƙoshi, sai na tuna ban daɗe da canja shi ba. Na tsaya ina kallo. Tana hawa a hankali, ba ta komawa. Murhu a kashe yake, tun safe ban kunna ba. Na juyo, ga Dada ta nufo kicin da kaskon, tana hura garwashin ya yi ja, yaron yana bayanta a ƙasa.

Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa tsayawa a gabanta ba, ko idonta ban taɓa kallo ba. Ranar na tare ƙofa da jikina.

"Dada, kada ku shiga. Gas ne."

"Ni ban ji komai ba, 'yar nan. Matsa."

"Ku yi haƙuri, ba za ku shiga ba."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Na sa hannu biyu na karɓe kaskon daga hannunta, zafinsa ya ƙone mini yatsu, na fita da shi tsakar gida na juye masa ruwan buta. Na dawo na suri yaron na miƙa mata, na ce su fita. Na shiga na rufe kan tukunyar gas ɗin, na buɗe taga da ƙofar baya, ban taɓa makunnin lantarki ba, yadda Malam ya koya mini. Duk wannan ina yi ne ina tunanin in har allurar ƙarya ta yi, na gama yawo, na ci mutuncin surukata a kan daddawa.

Dada ba ta fita ba. Ta ajiye yaron a bakin ƙofar waje, ta dawo ta durƙusa a ƙofar kicin, ta kai fuskarta kusa da siminti ta ja numfashi. Ta ɗago da sauri tana salati. A tsaye hancinta cike yake da turarenta, abin kuwa yana kwance a ƙasa, daidai tsayin mai rarrafe. Muka ja tukunyar, sai ga tiyon da ke kai gas murhu a bayanta, ɓera ya gwaguye shi.

Muka zauna a tsakar gida muna jiran iska ta share ɗakin. Na sa yatsuna a ruwan sanyi, zuciyata ba ta kwanta ba, don na san yadda abin zai iya juyawa. Ga hujja ta samu a gabanta, gidan da ɓera zai iya tayar da gobara, ga zanin goyo a gefenta. Na tashi na leƙa allurai, na dawo, na sake tashi. Agwagwa tana saukowa.

"Zauna," in ji Dada. "Kin isa da zirga-zirga."

Na zauna. Ta tambaye ni yadda na gane, tunda ita da hancinta ba ta ji ba. Na gaya mata labarin su ukun, da yadda turarenta ke tada biyu ya bar ɗaya. Ta sa na kai ta bakin ƙofa na nuna mata wace ce Agwagwar. Ta daɗe tana kallon allurar, ta yi wata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa wadda ban kama ba. Muka koma tabarma. Ta ɗauki zanin goyon ta warware shi, gabana ya faɗi, sai ta sake ninke shi ta ɗora mini a cinya.

"Ki gaya wa wancan ya nemo kyanwa," ta ce, don ita ma ba ta faɗin sunan nata ɗan farin. "Yaye kuma da saura."

Na sunkuyar da kai. Ta jawo yaron ta ɗora a cinyarta, ta tura hanci a tsakiyar kansa yadda kowa ke yi, ta ja numfashi. Ban san irin kallon da na yi mata ba, amma ta kama ni ina yi. Na kawar da kai da sauri, kunya ta rufe ni.

"Su waɗancan naki ba sa faɗa miki wannan?"

Na girgiza kai. Ta sake shinshina shi, a hankali wannan karon, kamar mai ɗanɗana miya za ta faɗi abin da aka zuba.

"Nono," ta ce. "Da man kaɗanyar da kike shafa masa. Da ɗan gumi a bayan kunne, irin na gero sabon sussuka." Ta kai hanci wuyansa. "Nan kuma ƙanshinki ne. Duk wanda ya ɗauke shi zai san ɗan wace ce."

Ta miƙo mini shi, ta juya tana neman takalmanta, ta daɗe tana nema alhali suna gabanta. Na sa fuskata a kansa, a gaban surukata, ban ji komai ba sai ɗumi da laushin gashi, na bar ta a wurin har Dada ta kai ƙofa.